Ko Allah Ne Yake Kawo Mugunta? Jawabin Ranar Bikin Cikar Ikkilisiya Shekara 50



Yau ranar murna ce. A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya keɓe shekara ta 50 domin a saki bayi, kowa kuma ya koma gādonsa. Amma idan muka duba kujerun nan, akwai waɗanda muka fara tafiya tare da su, yau ba su nan. Mun ga fari, mun ga tashin hankali, mun ga annobar sanƙarau ta 1996. A wajen wata jana'iza, wata uwa da ta binne ɗanta ta riƙe hannunmu ta ce, "Baba Fasto, Allah ne ya yi mini haka?" Ba za mu rufe wannan biki ba tare da mun amsa mata ba.

Akwai ayoyin da suke tayar da hankalin mai bi. Ishaya 45:7 da Amos 3:6 suna cikinsu. Mai karatu da gaggawa zai ɗauka Allah ne tushen mugunta. Kada mu ji kunyar cewa wani nassi ya yi mana wuya. Manzo Bitrus kansa ya yarda akwai abubuwa masu wuyar ganewa a wasiƙun Bulus (2 Bitrus 3:16). Mutumin Habasha ma sai da Filibus ya hau karusarsa kafin ya gane Ishaya. Matambayi ba ya ɓata. Ga hanyoyi huɗu da za su taimake mu.

Na fari, mu duba kalmar. An rubuta Ishaya da Ibrananci, kalmar da ke wurin kuwa ita ce "ra". Takan nufi zunubi, takan kuma nufi masifa, kamar yadda "rana" a Hausa take nufin wadda ke fitowa gabas da kuma yini. A ayar an jera haske da duhu, sa'an nan aka jera "shalom", wato salama, da "ra". Kishiyar salama ita ce masifa. Saboda haka ayar ba ta ce Allah ya halicci zunubi ba.

Na biyu, mu karanta abin da ke gaban ayar da bayanta. Ishaya 45 tana magana a kan Sairus, sarkin Farisa, wanda ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu, ya kuma bar Yahudawa su koma gida. Saƙon shi ne, hukuncin da ya kai su bauta da ceton da ya fito da su, duka a hannun Allah ɗaya suke. Ba wani allah da yake raba mulki da shi. Amos kuma yana yi wa Isra'ila gargaɗin hukunci ne saboda zaluntar matalauta.

Na uku, nassi mai sauƙi shi ke haskaka mai wuya. Yakubu 1:13 ya nuna sarai cewa Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta. A 1 Yahaya 1:5 mun ga babu duhu a cikinsa ko kaɗan. Ku tuna da Yusufu. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A Farawa 50:20 bai wanke su daga laifi ba. Mugun nufin nasu ne, amma Allah ya juya shi ya ceci rayuka. Haka gicciye yake: mugayen hannuwa suka kashe Yesu, duk da haka bisa shirin Allah ne domin cetonmu (Ayyukan Manzanni 2:23). Mai zunubi shi ke ɗauke da alhakinsa, Allah kuwa yana kan kursiyinsa.

Na huɗu, mu san inda saninmu ya tsaya. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi. Da suka buɗe baki suka ɗora masa laifi, sai Allah ya tsauta musu. Yesu ma ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba (Luka 13:4-5). Don haka, 'yan'uwa, idan muka je gaisuwar mutuwa, kada mu zama alƙalai. Mu kai abinci, mu zauna, mu yi addu'a.

To, me muka ce wa uwar nan? Mun ce, "Mama, ba mu san dalili ba. Amma mun san Allah ba mugu ba ne, shi ma ya ba da Ɗansa, ya kuma tashe shi daga matattu." Ba ta daina kuka a ranar ba, amma ba ta bar Ubangiji ba.

Matasanmu, ku ne za ku riƙe ikkilisiyar nan shekaru 50 masu zuwa. Kada aya mai wuya ta sa ku rufe Littafi Mai Tsarki. Ku kawo ta ajin nazarin Littafi mu duba tare. Komai nisan dare, gari zai waye, ranar da Allah zai share dukan hawaye.

Ubangiji ya sa mu cika da aminci. Amin.