Kwalin Kaset ɗin Baba a Aljihuna



Da aka ce in yi magana a bikin tunawa da kafa ƙungiyarmu, wasu sun zaci tarihi zan kawo. To, tarihin ne, amma na cikin kwali. Shekarar da na zo Ingila karatu Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Da na je gida, Hajiya ta miƙo mini kwalin kaset-kaset ɗinsa: Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, da tafsirin azumi. Da yawa shi ya ɗauka da kansa, yakan ajiye rikoda a gaban rediyo. Saboda haka a bayan waƙa sai ka ji tarinsa, ko ka ji yana cewa yara su yi shiru. Wannan fa babu shi a Spotify, babu shi a YouTube.

Wata da watanni na yi ina juye su a kwamfuta. Sai ga matsala: kwamfuta tana ɗaki, ni ina laburare ko cikin jirgin ƙasa, wayata kuma ta cika. Ga yadda na yi, ko wani zai amfana.

Da farko, kwamfutar gida za ta koma kamar tashar rediyo mai sauraro ɗaya, wato kai. Akwai manhajojin kyauta da ke wannan aiki, irin su Navidrome da Jellyfin. Ka sa ɗaya, ka nuna mata inda waƙoƙin suke, ita za ta jera su. Amma ka rubuta wa kowace waƙa sunanta da sunan mawaƙi tukuna, in ba haka ba ka sha wahalar nema. A waya kuma sai ka sa manhajar da ke magana da ita: Finamp in Jellyfin ce, Symfonium ko Amperfy in Navidrome ce.

Na biyu shi ne hanya. A cikin gida komai zai yi aiki, kana fita sai shiru, domin na'urar intanet ɗin gida ba ta barin baƙo ya shigo daga waje. Wasu sukan buɗe ƙofa a jikinta. Ni ban ba ku wannan shawara ba, ƙannena, musamman masu zama a ɗakunan jami'a, inda na'urar ma ba a hannunku take ba. Ƙofar da ka buɗe wa kanka, ɓarawo ma ya gan ta. Ni Tailscale na sa a kwamfuta da waya. Yana haɗa su ta ɓoyayyar hanya, kamar suna ɗaki ɗaya.

Na uku, data. Waƙa a kan 128 kbps tana cin kusan megabait 58 a awa guda, a kan 320 kbps kuwa 144. Tsohon kaset ba ya buƙatar mai yawa, ka sa manhajar ta rage nauyin kafin ta turo. Sannan ka hana kwamfutar barci, don in ta yi barci tasha ta rufe ke nan. In kuɗin wuta kake tsoro, 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ta isa.

Abu biyu zan roƙe ku. Wannan tasha taka ce da iyalinka, kar ka mai da ita wurin raba waƙar mutane, mawaƙa suna da haƙƙi. Sannan kar ka ɗauka sauraro daga nesa ajiya ce. Ni wata rana faifan kwamfutata ya fara ƙara, washegari ya ƙi tashi. Wallahi ranar ko abinci ban ci ba. Allah Ya sa ƙanwata a gida tana da kwafin da na taɓa ba ta, amma kaset uku da na juye daga baya, na kuma zubar don sun tsufa, sun tafi har abada. Yanzu kwafi uku gare ni, ɗaya ba ya gidana.

In kun je hutu, ku tambayi iyayenku ina kwalayensu suke, tun zafi da ƙura ba su cinye su ba. Wanda ya maƙale kuma ya same ni bayan an ci abinci, mu duba wayarsa tare.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya wannan ƙungiya.