Nana Asma'u da Auren da Ya Kafa Gidan Wazirin Sakkwato

An haifi Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Ɗegel cikin ƙasar Gobir wajen shekarar 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ƙuruciyarta ta ƙare ne a sansanonin yaƙi, cikin yunwa da ƙaura daga wannan zango zuwa wancan. Duk da haka karatu bai tsaya ba. Ta tashi tana rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Gidaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. A lokacin ba a riga an ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba, sai a 1808 birnin ya faɗi aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Ke nan Shehu bai ba sarki ko ɗan sarki ɗiyarsa ba, malami ya ba, mutumin da ke kusa da Bello a zaure da fagen fama.  Auren Asma'u muƙami ya ɗaure a jikin gidan Shehu. Da Shehu ya rasu a 1817 Bello ya zama Sarkin Musulmi, Gidaɗo ya riƙe waziranci: wasiƙun sarakunan gabas ta hannunsa suke bi, baƙi kuma shi ke karɓarsu. Shi ya kula da Baturen nan Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824.

A cikin wannan gida Asma'u ta yi aikinta. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ta yi marsiyyoyi ga Bello da Gidaɗo, ta kuma tsara waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama. Mutumin Sabon Birni da na Isa ba lallai su saurari waƙar da kunne ɗaya ba, domin kakannin wani ne suka yi nasara a kan na wani.

Amma abin da ya fi shafar wannan yanki shi ne 'yan taru, tsarin koyar da mata da Asma'u ta kafa. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka da gidajen manya sun cika da matan da suka tashi cikin bori, wanda a Gobir Inna ce shugabarsa. Asma'u ba ta tsaya ga tsangwama ba. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa, ta naɗe ta da jan rawani. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata a ƙafa zuwa wurinta, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da man shanu, su haddace waƙoƙin alwala da salla da tarihin Annabi, su koma su koyar da matan aure da ba sa fita. Masana irin su Jean Boyd sun nuna cewa malfar nan kayan girman Inna ce aka juya mata ma'ana, kuma hujjar tana da ƙarfi.

Gidaɗo ya rasu a 1851, Asma'u ta bi shi a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Tun Gidaɗo na da rai ɗansu Abdulƙadir ya gaji waziranci, kuma muƙamin bai bar Gidaɗawa ba. Jikansu Muhammadu Buhari ne waziri lokacin da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903, ɗansa Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya adana yawancin rubuce-rubucenta da ake karantawa yau.