RUWAN GUBI: HAƘƘINMU DA NAUYIN DA KE KANMU

(Jawabin da aka gabatar a taron magidanta na ƙungiya kafin faɗuwar damina)

 

 An ba ni minti kaɗan in yi magana a kan ruwan dam ɗin Gubi. Na san wasu za su ce ina ruwan ƙungiyar kare haƙƙi da maganar kwata da taki? Ku yi mini haƙuri, za ku ga inda suka haɗu.

Bayan Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, jama'a suka yi ta ƙaruwa, rijiyoyi suka kasa, shi ya sa aka tare ruwa a Gubi, kimanin kilomita 12 arewa da gari, wajen Firo. Dam ɗin yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 38. An gina matatarsa ne don ta tace kimanin lita miliyan 45 a rana, daga baya aka gyara ta aka faɗaɗa da rancen Bankin Duniya. Shi ne babbar madogarar famfon Bauchi. Amma dam ba ya haifar da ruwa, tara shi yake yi. Rafuka ne ke kawo masa, ciki har da Shadawanka wanda ke ratsowa ta gefen gari. Duk abin da ruwan sama ya tarar a ƙasa a kan hanyarsa, da shi yake tafiya.

To, ƙazantar ruwa iri biyu ce. Akwai wadda ke fitowa daga bututu ɗaya, kamar ta majemun zamani na Sharaɗa da Challawa a Kano. Wannan ana iya bin bututun har ƙofar mai shi, a ci shi tara ko a rufe masa kamfani. Akwai kuma wadda ba ta da ƙofa. Ɗan baƙin mai da bakanike ya zubar a lambatu, ruwan wankin mota, sharar da aka juye a kwalbati ana jiran ruwa ya kwashe, leda, bahaya a bakin rafi, kashin shanu a mashaya, taki da maganin feshi daga gona. Kowane ɗaya ka ɗauka ba komai ba ne. In ruwan farko ya sauko, duk abin da ya taru wata shida na rani sai ya tashi a yini guda ya nufi wuri ɗaya. Wanda ya san Kano ya san yadda rafin Jakara ya koma, da irin ruwan da yake zubawa a dam ɗin Wasai. Ba mutum ɗaya ya yi wa Jakara haka ba, gari ne gaba ɗaya, a hankali.

Ga inda abin ya shafe mu. Laifin da ba shi da mai shi, wanda ba shi da gata ake ɗora wa. Ranar da ruwan famfo ya zo da wari, ko kifi ya taso matacce, ba za a je unguwannin cikin gari a ƙirga masu zuba shara a kwata ba. Za a dubi bakin dam, a ga mai lambun tumatir da mai koma da mai shanu, a ce ai baƙin nan ne. Iyayen wasunmu sun zo daga Kano, wasu Katsina, wasu Zariya ko Haɗeja, wasunmu a nan aka yanke musu cibi, amma ranar rabon laifi duk baƙi ne. Saboda haka maganar tsabtar ruwan Gubi, a wurinmu, maganar zama ce.

Bari in fara da namu kafin in je ga na hukuma, don kada a ce mun ga na wani mun manta namu. Da idona na ga mutum ya gama feshi ya tsoma tankinsa cikin ruwan dam yana ɗauraya, ya jefar da kwalbar maganin a nan, ƙasa da shi kaɗan yara suna cika jarka. Da na yi masa magana sai ya ce ai ruwa mai yawa ba ya ƙazanta. Wannan magana ce ke cutar da mu. Matatar ruwa alif take sawa laka ta kwanta, ta tace, ta sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Ba a yi alif da kulorin don cire maganin ciyawa ko sinadarin taki da ya narke ba, tafasawa ma ba ta fitar da sinadarin takin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarin naitiret a ruwan sha miligiram 50 a kowace lita, kuma jarirai ne ya fi yi wa illa in ya wuce haka. Rijiyar da ke kusa da masai ko juji ko lambun da ake yi wa taki fiye da kima ita ta fi shiga wannan haɗari.

Takin zamani kuma, ni a ganina, a nan ne asara ta fi ciwo. Ka sayi yuriya ko kamfa da tsadar nan, ka watsa a saman ƙasa hadari na haɗowa, ruwa ya wanke kuɗinka ya kai dam. Shukarka ba ta ci ba, gansakuka da kainuwa suka ci. In suka yi yawa suka ruɓe sai su cinye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa, masunci ya wayi gari da asara, matata kuma ta ƙara kashe kuɗin magani. Maganin wannan ba ya bukatar kwangila. A tona a binne taki kusa da gindin shuka, a raba shi kashi biyu ko uku maimakon a zuba gaba ɗaya, kada a sa in ana sa ran ruwa mai ƙarfi. A yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Sannan a bar 'yar tazara tsakanin gona da bakin ruwa, a dasa jema ko gamba. Ciyawar nan tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta maimakon ta cike dam. Na san barin taku goma na fadama ba a shuka ba yana da zafi ga mai 'yar gona. Amma jema da gamba ana yanka su a yi zana da jinka, ba asara ce zalla ba.

Masunta, na san yawancinku ba ku yi, amma duk wanda kuka gani yana zuba guba irin su gamalin don kama kifi, ku hana shi, ku kai maganarsa gun sarkin ruwa. Mutum ɗaya irinsa ya isa ya sa a kore ku duka.

A cikin gida, masai ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, kuma kada ya kasance a samanta ta wajen gangare. Ba mu manta 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama fiye da mutum dubu ɗari a Nijeriya, jihar Bauchi ce kuma kan gaba a yawan waɗanda suka kamu. Cutar nan ba ta tambayi kowa takardar shaidar ƙaramar hukuma ba.

Yanzu haƙƙi. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali, sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Gaskiya shi wannan yana cikin babin da ba a cika iya kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye ba, amma sashe na 24 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, wadda Nijeriya ta mayar dokar ƙasa, ya tabbatar wa jama'a haƙƙin muhalli mai kyau. A 2010 ma Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwan sha mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne.

Abin da nake ba ƙungiya shawarar ta nema a rubuce shi ne doka ɗaya ga kowa. In za a shata iyakar da ba a noma a bakin dam, muna goyon baya, amma a auna ta da igiya ɗaya ga ɗan gari da mazauni, ga mai ƙaramin lambu da mai babbar gona, a zauna da mu kafin a kafa turaku. In kuma za a karɓe gonar da mutum ke riƙe da ita bisa ƙa'ida don amfanin jama'a, Dokar Filaye ta 1978 ta tanadi diyyar amfanin gona da gine-ginen da ke kai. Mu rubuta wa BASEPA a kan kwashe shara da yashe magudanan unguwanninmu kafin ruwa ya sauka, da wuraren da masu gyaran mota za su riƙa tara baƙin mai. Mu roƙi hukumar ruwa ta jiha ta riƙa gwada ruwan kowane rafi dabam kafin ya shiga dam, ta kuma bayyana sakamakon. In aka yi haka za a san nawa ya fito daga gari, nawa daga gona, a daina yanke hukunci da zato. In ya nuna namu ne ya fi yawa, mu karɓa mu gyara.

Kowace takarda a ajiye kwafinta mai hatimin karɓa a wurin magatakarda. Ina kuma roƙon shugaba ya naɗa mutum biyar yau ɗin nan, a sa mace a ciki, su je su gana da mai unguwa da hakimi da sarkin ruwa kafin mu rubuta wa kowace hukuma, don kada su ji labari a waje. Masu son a tono musu saiwar jema su ba da sunansu bayan an tashi, a dasa da ruwan farko.