Rubuta Kwanan Wata da Lokaci: Misali Daga Ƙasar Daura



Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa kwanan wata ba ya cika sai an san da wane lissafi aka rubuta shi. Mutumin Daura yana rayuwa ne da lissafi biyu. Albashinsa yana bin watannin Miladiyya, amma Sallar Gani, wadda garin ya shahara da ita, tana bin Rabi'ul Awwal. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka kowace shekara Gani takan matso gaba da kimanin kwana 11.

Magabatanmu ba su yi sakaci da wannan al'amari ba. Malamin da ya kammala waƙa da ajami yakan rufe ta da ramzi, wato kalmar da haruffanta ke ɗauke da adadin shekara. A lissafin Magaribawa, wanda malamanmu suka bi, harafin shinun 1000 ne, ra kuwa 200. Duk almajirin da ya san ƙa'idar zai warware ta ba gardama.

To, yanzu mu dubi kwamfuta. A tsarin Unix da 'ya'yansa irin su Linux, agogon na'ura daƙiƙoƙi kawai yake ƙirgawa, tun daga 1 ga Janairu 1970 a agogon Girinwic. Idan mutum ya buga umarnin date, sai na'urar ta mayar da wannan adadi kwanan wata, bisa siffar da aka nema: %d na nufin rana, %m wata, %Y kuma shekara. Yadda ka jera su, haka za ta fitar, ba ta tambayar wanda zai karanta.

Matsala ta farko ita ce jeri. Mu a nan 1/10/1960 ranar samun mulkin kai ce, amma Ba'amurke zai karanta ta a matsayin 10 ga Janairu. Ranar da aka kafa Jihar Katsina, 23/9/1987, ta tsira ne don babu wata na 23. Domin kawar da irin wannan ruɗani aka fito da ƙa'idar ISO 8601 a 1988, wadda ke fara da shekara, sai wata, sai rana: 1960-10-01.

Ta biyu ita ce mafarin rana. Ga na'ura, rana tana sauyawa da ƙarfe 12 na dare. Ga Bahaushe kuwa, da faɗuwar rana. Daren Juma'a a bakin dattijon Zango ko Ɓaure, daren Alhamis ne a takardar ofis. Magatakardan da bai lura ba sai ya tara mutane kwana guda bayan an watse.

Ta uku ita ce shekaru. Wanda ya cika shekara 60 ta Hijira, shekararsa 58 ce da 'yan watanni a Miladiyya. Idan aka cuɗa lissafin biyu a takardar shaidar haihuwa, ana iya sallamar ma'aikaci daga aiki tun lokacinsa bai yi ba. Har ila yau, na'ura lissafa tsayuwar wata take yi, mu kuwa ganinsa muke jira da sanarwar Sarkin Musulmi, don haka sukan saɓa da kwana guda.

Shawarata ga ma'aikata uku ce. A wasiƙa, a rubuta sunan wata da haruffa, shekara kuma da lambobinta huɗu. A rajista da kwamfuta, a bi jerin shekara, wata, rana. In kuwa taron dare ne, a ambaci ranar da za a wayi gari, kamar a ce daren Alhamis wayewar Juma'a, ƙarfe 8. Duk inda aka kawo shekarar Hijira, a sa ta Miladiyya a gefenta.