Mai Juna Biyu Da Man Goge Fata: Jawabi Ga Matan Unguwanninmu

Iyayenmu mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na ga fuskoki daga Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos, Allah ya saka da alheri. Ni aikina karɓar haihuwa ne, kuma abin da nake gani a wurin awo shi ya kawo ni gabanku yau.

Kwanakin baya wata ƙanwarmu mai cikin wata biyar ta zo mani kumatunta sun yi ja sun saɓule. Na ce, "Ke kuwa me ya same ki?" Ta ce baƙi-baƙi ne ya fito mata a fuska, kishiya na yi mata dariya, sai ta sayi haɗi a kwalba marar suna. Ko wadda ta sayar mata ba ta san abin da ke ciki ba.

To, wannan baƙin ba cuta ba ne. Ciki kan sa fata ta ƙara launi a goshi da kumatu da wuya, har layi ya fito daga cibiya zuwa mara. Rana na ƙara shi, ga garinmu bisa tudu na kimanin mita 1,200. Galibi yakan dushe da kansa cikin watanni bayan haihuwa.

Mayukan goge fata kuwa asid ne a cikinsu, mai cire matacciyar fatar sama kamar yadda dilka ke yi, sai dai shi ba da murza ba. Akwai laktik, irin wanda ke sa nono tsami. Akwai gilaikolik, wanda asalinsa daga rake ne. Waɗannan in kaɗan ne a sabulu ko man fuska, likitoci ba su hana mai ciki ba. Akwai salisilik, ɗan'uwan asfirin, da ake sa wa maganin ƙuraje. Shi kada ya wuce kashi 2 cikin 100, a ɗiga a kan ƙurji kawai. Ban da shafe jiki duka, ban da mai ƙarfin nan da ake saɓule fata da shi a shagon gyaran jiki.

Ga waɗanda za a ajiye gaba ɗaya, guda huɗu. Na farko dangin retinol, kamar Retin-A. Ɗan'uwansu na sha, Roaccutane, yana nakasa zuciya da ƙwaƙwalwa da kunnen jariri tun a makonnin farko, kafin ma mace ta san ta ɗauka. Na biyu haidirokwinon na man bilicin, wanda fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa ke ratsa fata ya shiga jini. Na uku zaiba da ake sa wa wasu sabulai: tana bin mabiyiya ta kai ga ɗa, tana fita a ruwan nono, tana lalata ƙoda. Na huɗu mayuka irin su Dermovate, maganin ciwon fata ne da likita ke rubutawa, ba man kwalliya ba. Shafa su da yawa kan sa a haifi jariri marar nauyi, ga shi suna sirantar da fata, har ɗinkin tiyata ya yi wuyar kamawa. Ba banza ba hukumar NAFDAC a 2023 ta ce bilicin ya zama annoba a ƙasar nan.

Me za a shafa ke nan, ga hunturun Jos mai tsattsage fata? Man kaɗanya, man kwakwa, basilin. Sabulu marar kaifi. Lema in za a shiga rana. In ƙuraje sun matsa, a je JUTH ko asibitin sha-ka-tafi na unguwa, akwai maganin da ya dace da mai ciki.

Roƙona shi ne, ranar awo ki saka duk abin da kike shafawa a jaka ki kawo mana mu duba, ba za mu yi maki faɗa ba. Kwalba marar takarda da lambar NAFDAC kuwa, a yar da ita. Wadda ta riga ta shafa kada ta tsorata, ta daina, ta gaya mana. Iyaye, ku lura da amare. Ku kuma gaya wa mazan gida su daina yabon farin da ba na Allah ba.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana zuri'a.