Tsadar Katako da Makomar Rufin Gida a Arewacin Nijeriya

A cikin kayayyakin da ake haɗawa a tayar da gida a biranen Arewacin Nijeriya, siminti ne ya fi samun masu yi masa magana, domin farashin buhunsa ake ji a rediyo, kuma a kansa ne hukumomi suka kira manyan kamfanoni su yi bayani a shekarar 2024, alhali katako, wanda ba shi da kamfani guda da za a tuhuma, yana ta hauhawa ba wanda ya tanka. Abin da wannan maƙala take neman tabbatarwa shi ne cewa tsadar katako ta fi ta sauran kayan gini cutar da mai ƙaramin ƙarfi, kuma dalilin hakan yana cikin yadda ake gina gida a wannan ƙasa, ba cikin yawan kuɗin kawai ba.

Yawancin masu gida a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato ba da rancen banki suke gini ba, da abin da ya saura daga albashi, ko ribar kasuwa, ko kwasar adashi suke yi, wato su sayi fili a bana, su zuba harsashi baɗi, sannan su riƙa tara bulo ɗari-ɗari har bango ya kai linta, wadda ita ce sandar siminti da rodi da ake ɗorawa bisa ƙofofi da tagogi. Duk waɗannan matakai suna karɓar jinkiri, domin bulo ba ya lalacewa don ya yi damina biyu a tsaye. Rufi ne kaɗai matakin da ba ya rabuwa, saboda katakon da kafinta ya ɗaure ya bari ba kwano, rana za ta murɗa shi, ruwa ya ruɓar da shi, gara kuma ta same shi tun yana ajiye, don haka tilas a sayi katako da kwano da ƙusa, a biya ladan aiki, duk cikin 'yan makonni. Idan farashi ya tashi tsakanin ranar da kafinta ya yi lissafi da ranar da kuɗin suka cika, sai mai gida ya koma tari, kafin ya cike giɓin kuma farashin ya sake yin gaba. Wannan ne asalin kangayen da suka cika sababbin unguwannin bayan gari, gine-ginen da suka kai linta suka tsaya shekara da shekaru, masu su kuwa suna can suna biyan kuɗin haya, wanda shi ma yake cinye abin da ya kamata a tara domin rufin.

Kafin a zo ga dalilan tsadar, ya kamata a tuna cewa dogaro da katakon Kudu ba daɗaɗɗen abu ba ne a ƙasar Hausa. Maginan gargajiya sun yi rufin soro da azara, wato tsagin kututturen giginya, musamman namijinta, wanda yake da tauri ƙwarai kuma gara ba ta cika iya masa ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta zarce kimanin mita 2, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙi na azara da aka ɗaɗɗaure aka lulluɓe da ƙasa, wanda da shi ake rufe ɗaki mai faɗi ba tare da dogon itace ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne na inda wannan fasaha ta kai. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano da katakon da aka yanka da inji suka fara shigowa daga Kudu, kuɗin gyaɗa ya ba mutane ikon saye, rufin kwano ya zama alamar wadata, ya kuma hutar da mai gida daga yaɓen da ake yi wa soro kafin kowace damina. Ba laifi ba ne da mutane suka zaɓi abin da ya sauƙaƙa musu, amma sakamakon shi ne yanki mai ɗimbin jama'a ya wayi gari yana rufe ɗakunansa da itacen da ba ya tsirowa a ƙasarsa.

Katakon da ake jibgewa a kasuwanni irin ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano yana fitowa ne galibi daga dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Ogun da Kuros Riba, da wasu sassa na Kogi da Taraba. A da waɗannan dazuzzuka sun wadata har garin Sapele ya shahara a duniya da masana'antar katako, Nijeriya kuma tana fitar da gungume zuwa Turai, amma tun a 1976 gwamnati ta ga alamar ƙarewa ta hana fitar da shi ɗanye. Manyan itatuwa irin su iroko da maɗacin kurmi suna buƙatar shekaru masu yawa, fiye da tsawon aikin mutum guda, kafin su isa yanka, an kuwa sare su da sauri fiye da yadda suke tsirowa, gonakin koko da na rogo kuma suka ci gefen gandun daji. Da yawan katakon rufin da ake samu yau na malaina ne, itace mai saurin girma da aka shigo da shi daga Asiya aka dasa da yawa a gandun Omo da na Oluwa domin ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin, da masana'antar ta kasa tsayawa da ƙafarta sai itacen ya koma hannun masu injin yanka. Ma'ana, rufin gidaje da dama a Arewa yana cin gajiyar dashen da aka yi shekaru arba'in da suka wuce domin wata manufa dabam, kuma ba a sake yin dashe mai girman wannan ba.

A kan wannan ƙarancin ne sauran dalilai suka hau. Katako kaya ne mai nauyi da cika wuri, kuma tirela ce take ɗauko shi ta bi ta Lokoja da Abuja da Kaduna, tafiyar ɗaruruwan kilomita, saboda haka duk abin da ya taɓa man dizal ya taɓa shi kai tsaye. A cikin shekarar 2022 kaɗai litar dizal ta tashi daga ƙasa da naira 300 zuwa sama da naira 800. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin sarrafa injin sare itace a daji da na ƙananan motocin da ke kai kaya unguwa ya ninka, sannan sakin naira da aka yi a watan Yuni na shekarar ya kai dala daga kimanin naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024, alhali zarton inji da kayan gyaransa da tayar mota da maganin gara duk daga waje ake sayo su. Ga kuma kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya, na doka da wanda ba na doka ba, wanda direba ke biya dillali ya ɗora a kan kowane falanki. Rashin tsaro ya rufe dazuzzukan Birnin Gwari da Kamuku da Rugu ga mai sana'ar halal, kasuwar waje kuma ta janye nata rabon, kamar yadda aka gani a wawason madobiya da aka yi zuwa ƙasar Sin, musamman daga Taraba, har yarjejeniyar duniya mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Madobiya ba itacen rufi ba ce, amma masu sara da motoci da injinan da suka bi ta sun bar kasuwar gida ne suka tafi inda dala take.

Kwatanta wannan da abin da ya faru a Amurka yana da amfani, domin can ne aka fi yayata tsadar katako a 'yan shekarun nan, kasancewar yawancin gidajensu da katako ake tayar da su tun daga bango. A lokacin annobar korona masana'antu sun rage aiki yayin da jama'a suka duƙufa gini da gyaran gida, sai farashin ma'aunin da suke ciniki da shi ya tashi daga wajen dala 400 zuwa sama da dala 1,600 a watan Mayun 2021, har ƙungiyar maginan gidaje ta ƙasar ta ƙiyasta cewa hakan ya ƙara kusan dala 36,000 a kan kuɗin sabon gida. Amma kafin ƙarshen watan Agusta farashin ya faɗo ƙasa da rabi, saboda itatuwan suna nan a gonakin da ake sarewa ana sake dasawa, abin da ya tsaya kawai shi ne injin yanka. Tsadar da ake fama da ita a nan ba irin wannan ba ce, domin tushenta ƙarewar itacen ne da faɗuwar darajar kuɗi, kuma mai jiran ta sauko da kanta zai daɗe yana jira.

Ɓarnar da ta fi tayar da hankali ita ce wadda ba a gani sai daga baya. Ana sayar da katakon rufi ne da sunan kaurinsa a ma'aunin inci, a ce tu-bai-fo ga mai inci 2 da 4 wanda ake yin ƙafafun rufi da shi, a ce tu-bai-tu ko tu-bai-tiri ga siraran da ake shimfiɗawa a buga kwano a kansu. Da tsada ta yi tsanani sai sunan ya zauna, kaurin ya ragu, domin mai injin yanka yana son ya fitar da ƙarin falanki daga gungume guda, mai saye kuma ba ya zuwa kasuwa da abin awo. Ana yanka itacen da bai ƙosa ba, a loda shi ɗanye, ya iso Arewa ya gamu da zafin bazara ko bushewar hunturu, ya lanƙwashe ya tsattsage bayan an riga an buga shi, ƙusa ta saki. Shi kuma kafinta, wanda mai gida ya matsa masa ya rage lissafi, sai ya faɗaɗa tazarar da ke tsakanin ƙafafun rufi, ya rage ɗaurin da ke riƙe rufin da bango, a shafa baƙin mai sama-sama a madadin maganin gara na ainihi. Babu wanda ya yi niyyar cutar da wani a cikin wannan jerin, kowa yana neman ya tsira ne da ɗan abin da ke hannunsa, amma iskar farkon damina ba ta san da wannan uzuri ba, kuma duk shekara ana ganin yadda take yaye rufin gidaje da na azuzuwan makarantu, kwano ya tashi da katakonsa ya faɗa kan mutane da dabbobi. Iyalin da suka yi shekara biyar suna tarin kuɗin rufi sukan rasa shi cikin dare ɗaya, su koma biya sau biyu, abin da Hausawa ke nufi da cewa araha ba ta ado.

Masu hali sun sami mafita, domin sun koma ɗaure rufi da ƙarfe a hannun masu walda, ko su zuba dakin, wato rufin siminti, ko da yake shi ma dakin yana cin katako mai yawa wajen kafa allunan da ke tallafe shi kafin ya bushe. Ƙarfe yana bin farashin dala, don haka ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya cikin wannan lissafi. Komawa ga azara ma ba ta da sauƙi kamar yadda masu begen tsohon zamani suke zato, domin giginya ta yi ƙaranci, tana daɗewa ƙwarai kafin ta isa sara, ana kuma cinye 'ya'yanta a matsayin muruci tun kafin su zama itace, gwanayen bakan gizo kuwa sun tsufa ba su bar magada da yawa ba. Duk da haka akwai darasi a Jamhuriyar Nijar, inda aka daɗe ana ƙoƙarin kare dajin giginya na yankin Gaya tare da sa hannun mazauna wurin, inda kuma tun shekarun 1980 ake koya wa magina yin rufin tubali mai ƙubba wanda ba ya buƙatar itace ko kaɗan. Wannan fasaha ta dace da ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, kuma abin takaici ne yadda kwalejojin fasaha na Arewacin Nijeriya ba su ba ta muhimmancin da ya kamace ta ba.

Abu biyu ne suke hannun jihohin Arewa, tun da a tsarin Nijeriya gandun daji na ƙarƙashin gwamnatocin jihohi ne. Na kusa shi ne ma'auni, kuma ba ya buƙatar kasafi mai yawa, domin ƙungiyoyin 'yan katako da na kafintoci suna da shugabanni da ake jin maganarsu, kuma za su iya tsayar da cewa abin da aka kira tu-bai-fo ya cika awonsa, a ware busasshe daga ɗanye kowanne da farashinsa, yadda mai saye zai san abin da ya biya. Na nesa shi ne a ɗauki itacen katako a matsayin amfanin gona. Shirye-shiryen dashen da aka saba yi a Arewa, tun daga shingayen darbejiya da turare na Kano da Jigawa har zuwa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa da aka kafa a 2015, an tsara su ne domin tare hamada da iska, ba domin samar da katakon gini ba. Amma gandun Nimbiya da ke kudancin Kaduna ya nuna cewa itacen katako yana yi a yankunan da ke da isasshen ruwa, kuma irin wannan ƙasa tana nan a Neja da Nasarawa da Taraba da kudancin Bauci. Malaina tana isa yanka cikin shekara goma zuwa goma sha biyar, abin da ke hana manomi dasa ta shi ne rashin tabbacin cewa filin zai ci gaba da zama nasa har ranar sara, da tsoron cewa jami'in gandun daji zai hana shi sare abin da ya dasa da hannunsa. Dokar jiha da ta rubuta wa manomi wannan haƙƙi a fili, tare da gidajen renon dashe a kowace ƙaramar hukuma, ita ce za ta sa itacen da aka dasa a wannan damina ya isa kasuwar Na'ibawa a lokacin da yaran da ke firamare yanzu za su fara neman rufin ɗakunansu.