Zaɓen Darussa a Sakandare da Neman Gurbi a Jami'a



Jawabina na yau ya shafi wata shawara da yaro yake yankewa yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka, wato ranar da ya shiga ajin farko na babbar sakandare aka ce masa ya zaɓi ɓangaren kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. Sau da yawa yaron yakan bi abokinsa ne kurum, ko kuwa ya guji malamin da ake tsoro. Ba ya sanin nauyin abin da ya yi sai bayan shekara uku, sa'ad da ya zo neman gurbi a jami'a.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jarraba ɗalibi a darussa huɗu, jimlar makinsu 400. Turanci tilas ne a kan kowa, sauran ukun kuwa fannin da ake nema shi ke ƙayyade su. Mai son likitanci sai ya zo da Fizikis da Kemistiri da Bayoloji. Mai son aikin injiniya, Lissafi da Fizikis da Kemistiri. Mai son zama lauya galibi ana neman Adabin Turanci a wurinsa, darasin da yara da yawa ke yarwa domin ƙin karanta littattafai. Ban da wannan, sai an nuna kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a darussan da suka dace da fannin.

To, a nan gizo ke saƙa. Akwai masu ba yara shawara su ɗauki darussa masu sauƙi domin takardar sakamako ta yi kyau. A ganina wannan cuta ce, ba taimako ba. Jami'a irin ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano, inda masu neman likitanci suka ninka gurabun da ake da su, ba ta duba kyan takarda sai ta fara duba abin da ke cikinta. Yaron da ya ci maki 300 ba tare da Kemistiri ba, wanda ya ci ƙasa da haka da darussan da suka dace ya riga shi shiga layi.

Ku ma'aikata, musamman na Ma'aikatar Ilmi, akwai naku kason. Makarantar ƙauyen da ba ta da malamin Fizikis ko ɗakin gwaji ta riga ta yi wa ɗalibanta zaɓi, ko da akwai likitoci goma a cikinsu. Kuma ƙa'idojin nan sukan canja, jami'o'i ma sukan bambanta. Saboda haka ya kamata kowane shugaban makaranta ya samo kundin JAMB na shekarar da ake ciki, ya zauna da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare da iyayensu, a karanta shi tare kafin a raba azuzuwa.